Kirki a Bakin Abokin Faɗa

Kwanan baya aka zo neman auren jikata, sai na ga abin da ya sa ni riƙe baki. Ina zaune a inuwa ina tsinkar zogale, uwar yarinyar ta zo ta durƙusa gabana da waya a hannu, ta nuna mini hoton wani yaro cikin farar shadda ya jingina da mota, ta ce wai an gama bincike, yaron yana da kirki ƙwarai. Na ce yaushe aka tafi binciken, ni ban ga wanda ya sa takalmi ya fita ba? Ta ce ai an buga wa abokinsa waya, kuma ranar salla har kaji ya aiko gidan nan. Na ce to madalla, Allah ya saka wa kajin da alheri, sun ba da shaida. Ta yi dariya, ta ce Inna ba ki rabo da tsiya. Ni ban ce yaron ba shi da kirki ba, Allah ya sani ban san shi ba, wataƙila ma ya fi mu duka. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda kalmar ta fita daga bakinta ba nauyi, kamar wadda ta tofar da ƙwallon magarya.

A Illelar da na buɗe ido na gani, ba a wuni ba a ji kalmar nan ba. Tun da jijjifi za ka ji taɓarya ta fara sauka a turmi daga wannan gida, wancan ya amsa, har gari ya ɗauka gaba ɗaya. Sai ƙarar guga a bakin rijiya, sai kukan jakuna a bayan danga, sai muryar ladan da ba shi da lasifika sai maƙogwaron da Allah ya ba shi. A cikin wannan hidima ake jefa ta. Innata ta duba surfen da na yi, ta murza tsabar a tafin hannu, ta ce wannan ba surfen kirki ba ne, koma. Baba ya dawo daga gona ya ce jiya an yi ruwa amma ba na kirki ba, ko shuka ba za a yi da shi ba. Maƙwabciya ta leƙo ta kan danga ta ce yaronta ya kwana da zazzaɓi, bai ci wani abin kirki ba. Igiya ta kirki, tukunya ta kirki, barcin kirki, har ranƙwashi akwai na kirki, kuma na sha shi ranar da na tsaya kallon raƙuman Buzaye tuwo ya kama a wuta. A kan kaya da abinci da ruwan sama ba a rowar kalmar. Duk abin da ya cika, ya yi aikin da aka yi shi dominsa, babu algus a ciki, shi ne na kirki.

Amma da an zo kan mutum, sai tsofaffinmu su damƙe hannu. Za su ce wane mai kyauta ne, wance mai fara'a ce, wane ba ya wasa da salla, duk waɗannan suna fita da sauƙi. Kirki kuwa sai an ja numfashi. Innata takan ce mai kyauta hannunsa ne a buɗe, mai fara'a haƙoransa ne a buɗe, shi kuwa kirki sai an daɗe ana sa hannu a akushi ɗaya da mutum, an gan shi a ƙoshi an gan shi a yunwa. In aka tambayi dattijo halin wani, ya sunkuyar da kai ya ce, to, yana dai gaishe da mutane, magana ta ƙare, mai tambaya ya ɗauki sandarsa. Ba a zagi kowa ba, ba a yi da kowa ba, amma an hana shi kalmar, kuma kowa ya ji an hana. Mutum zai iya rasa gona, ya rasa jaki, ya yi yawo da riga ɗaya shekara da shekaru, in dai ana cewa mutumin kirki ne, za a ba shi ɗiya, za a bar masa ajiya, in ya mutu maƙabarta ta cika.

Yanzu gari ya zama abin da ya zama. Babura sun cinye ƙarar taɓarya, injin niƙa ya cinye sauran. In na fita bakin hanya sai in ga 'yan canji a jere ƙarƙashin laima suna kiran sefa, sefa, motoci a layi har ido ya gaji, yaran da na goya iyayensu suna wuce ni a guje ba su gane ni ba. Wanda ya miƙa maka abu yau, shi ne mai kirki, gobe in ya hana, ya zama mugu. Sai dai ni ba na cikin tsofaffin da ke cewa duniya ta ƙare don kawai gwiwarsu ta fara ciwo. Shekaranjiya ina jin 'yan mata a soro suna hirar wani attajiri da ya raba atamfofi a unguwa, ɗaya ta ce ai kyauta gare shi, ɗayar ta ce kyauta dai, amma ba shi da kirki, ki tambayi masu yi masa aiki. Wallahi sai da na ji sanyi a raina. Yarinyar nan ba ta taɓa riƙe taɓarya ba, amma ta san inda ake tambaya. Ita ce ta tuna mini da Gwaggo, da wata tafiya da muka yi da ƙafa wadda rayuwata duka ta rataya a kanta.

Ina budurwa lokacin. Baba yana noman albasa a fadama, da rani kuma masu jakuna su zo daga tsallaken iyaka su yi lodi, su kawo kanwa da gishiri. A cikinsu akwai wani saurayi daga wani ƙauye a bayan Konni, dogo, baƙi, ba ya son surutu. Ba zan faɗi sunansa ba, ban faɗa ba yana raye, ba yanzu zan fara ba. Ni ke kai wa Baba fura a gona, shi kuma sai aka ga kullum igiyar jakinsa a daidai lokacin take kwancewa, a daidai inda zan wuce. Daga nan ya fara zuwa ƙofar gida bayan la'asar ranar kasuwa, da abokinsa mai baki kamar maroƙi. Abokin ya yi ta zuba, shi ya yi ta kallon ƙasa, ni in yi ta wasa da bakin gyale. Ko magana goma ba mu yi ba a tsakaninmu, amma in Lahadi ta zo ban ji kukan jakunansa ba, abinci ba ya shiga. Ina son shi, babu abin ɓoyewa yanzu da furfura ta rufe kai. Manyansa suka zo da goron gaisuwa, Baba ya karɓa, na shiga ɗaki na rufe fuska da zane ina murmushi ni kaɗai.

Ba a jima ba wani ya tare Baba a kasuwa ya rada masa cewa yaron nan zuciya gare shi, damina ta bara ya bugi wani Bafulatani da ƙotar fartanya har ya cire masa haƙori, sai da aka kai su gaban maigari. Baba ya dawo gida fuska a murtuke. Mutum ne da ban taɓa ganin ya ɗaga wa innata ko yatsa ba, kuma ya ce ba zai ɗauki ɗiyarsa ya ba mai fasa bakin mutane ba. Ya ce a nemi wanda zai mayar musu da goronsu. Ina bayan rumbu ina jin komai. A zamanin ba a ce wa uba don me. Na sha kukana a kan dutsen niƙa, hawaye na zuba cikin gari, innata ta gani ta yi kamar ba ta gani ba.

Gwaggo ce ta tsaya. Yayar Baba ce, gajeriya, mai sayar da daddawar batso, ga baki kamar reza, kuma ita kaɗai ce a duniya ke iya ce wa Baba zauna ya zauna. Duk auren da za a yi a danginmu ita ake aikawa bincike, don an san ba ta dawowa da jita-jita. Ta ce masa maganar kasuwa a kasuwa take kwana, ya ba ta zuwa Laraba, in ta dawo ta ce a mayar da goro ita da kanta za ta ɗauka a ka. Sannan ta ce da ni za ta tafi, in ɗaukar mata ƙwaryar daddawa. Innata ta ce haba Yaya, ina aka taɓa kai yarinya binciken mijinta? Gwaggo ta ce ba wanda ya san fuskata a can, kuma gara in ji da kunnena, kada gobe in tsufa ina cewa an raba ni da masoyi a kan ƙarya. Ta juyo ta nuna ni da yatsa, ta ce in na buɗe baki a hanya ko tari ne, za ta cusa mini daddawa a ciki.

Muka kama hanya da sassafe. Iyakar da yanzu ake tsayawa ana buɗe jaka ana nuna takarda, a lokacin wani jandarma ne kawai yana gyangyaɗi a gindin dogonyaro, Gwaggo ta ce masa ina kwana, ya ɗaga hannu ko ido bai buɗe ba. Gonakinmu da nasu a haɗe suke, Hausarmu ɗaya, kakanninmu ɗaya. Muka ratsa gefen Konni ana ta shigowa kasuwa, muka yanki wata 'yar hanya cikin yashi. Rana ta fara zafi, warin daddawa ya sauko mini daga ka har cikin hanci, ƙudaje suka yi mana rakiya. Ni ban damu da wannan ba. Abin da ke cikina shi ne yau za a yanke, kuma ba ni da bakin cewa komai.

A bakin rijiyar ƙauyen Gwaggo ta fara. Ba ta tambayi kowa komai ba. Ta sauke ƙwarya, ta nemi ruwa, ta yi ciniki, ta yi kukan tsadar kanwa, ta ce wai akwai wani yaro a garin nan da ke kai musu kanwa Illela, ko yana nan? Mata suka ɗauka. Wannan ta ce ai yaro ne mai hankali, waccan ta ce shi ke ɗebo wa uwarsa ruwa tun da ubansa ya rasu, wata ta ce ba ya kallon matan mutane. Wata tsohuwa dai ta taɓe baki ta ce taurin kai gare shi, ya kunyata gari a gaban maigari, sauran suka yi mata ido ta yi shiru. Ni dai zuciyata fari ƙal, na ce shi ke nan, mu juya. Da muka bar wurin Gwaggo ta ce yabon bakin rijiya ba a kai shi gida, kafin a isa ya zube.

Muka shiga gidan uwarsa da sallamar talla. Shi yana kasuwar Konni da jakuna, Gwaggo ta san da haka ta zaɓi ranar. Tsohuwar ta shimfiɗa mana tabarma, ta dube ni ta ce wannan ɗiya akwai kunya, Allah ya ba ta miji nagari. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Gwaggo ta ce amin, ba ta ko ƙifta ido ba. Suna ciniki idonta yana yawo. Ta kalli jinkar ɗakin tsohuwar, sabuwa ce, tasa kuwa ta tsufa har ta yi baƙi. Ta tashi wai za ta kama ruwa, na hango ta tsaye wajen wani tsohon jaki da aka bari a turke, tana shafa bayansa tana duba ko akwai miki ko shatin bulala. Babu. Da muka fito ta ce duk wannan ya yi, amma mutum yana iya tausayin uwarsa da jakinsa ya ci zalin ɗiyar wani. Ta ce abokin mutum ba ya ganin laifinsa, uwarsa ba ta faɗa, wanda ya san nauyin mutum shi ne wanda suka yi faɗa da shi. Ta tambayi wata mai tallan nono hanyar rugar Bafulatanin, ta ce tana bakin tafki. A nan na tabbata aurena ya mutu, don wa zai je wurin wanda aka cire wa haƙori ya ce ya yabi mai ƙota?

Muka iske Bafulatanin a gindin wata ƙirya yana tufkar igiya. Ba tsoho ba ne, kaɗan ya girmi mai jakuna. Matarsa tana daka a gefe, 'yan maruƙa a ɗaure a jere. Bayan gaisuwa Gwaggo ba ta yi kwana-kwana ba, nan kaɗai ta ajiye maganar talla.

"Ɗan Fulani, ba daddawa tak kawo ni ba. Yaron ga mai jakuna da kunka yi hwaɗa bara, shi ka neman ɗiyammu. Na taho in ji daga bakinka."

Ya ajiye igiyar. Ya sa yatsa ya ɗaga leɓensa na sama, sai ga giɓi a gaba, wanda ba ya ɓoyuwa.

"Kin ga wanga, Inna? Aikinshi na."

Daga nan ya buɗe. Ya ce mutum ne mai zuciyar tsiya, ba ya tambaya sai ya buga. Ya ce kwana da kwanaki bai iya tauna komai ba sai nono, ya ce har yau in ya yi dariya a kasuwa yara sai su nuna shi. Ya ce da ba don Allah ba da ya rama, kuma har gobe in sun haɗu a hanya ba ya amsa gaisuwarsa. Kowace kalma tana sauka a kaina. Na sunkuyar da kai ina kallon tururuwa, ina roƙon Allah kada hawaye ya tona mini asiri. Gwaggo ta bar shi ya zazzage cikinsa tas, tana gyaɗa kai tana cewa ayya, ba a kyauta ba. Da ya yi shiru sai ta waiga ta dubi bukkoki da shanu da tafkin, ta ce abu ɗaya ne ya ɗaure mata kai. Ita ta san halin manoma, in an yi irin wannan rigima da ɗan gari, ruga ba ta sake damina a wurin. Yaya aka yi har yanzu suna nan?

Sai da ya ɗauki igiyar ya sake ajiyewa kafin ya amsa. Ya ce shanunsa ne suka shiga gonar uwar yaron lokacin gero ya fara fitar da kai. Ya bi wata saniya da ke naƙuda, garken ya sulale ta wata ɓaraka a gefen burtali, kafin ya dawo sun kwantar da abincin shekara. Yaron ya zo ya gani, ya buge shi. Da aka je gaban maigari, mutanen gari sun riga sun haɗa baki, don sun daɗe suna son filin bakin tafkin. Suka ce da gangan ya kora shanun, kuma shi ya fara ɗaga sanda. In maganar ta tabbata, za a kwashe shanu a biya ɓarna, a tashi rugar gaba ɗaya, da tsofaffi da jarirai. Shi kaɗai ne, Hausarsa ma ba ta isa gardama ba. Maigari ya juya wurin yaron ya ce haka aka yi? Kai kawai zai gyaɗa. Sai ya miƙe ya ce ɓarna kam an yi, amma ya bi sawun shanun, ta ɓaraka suka shiga, ba kora su aka yi ba. Ya ce kuma Bafulatanin bai ɗaga masa sanda ba, shi ya buge shi alhali hannunsa yana ƙasa. Aka sa Bafulatanin ya biya dammunan gero, aka sa yaron ya ba da ragonsa na layya saboda haƙori, ruga ta zauna. Mutanen gari kuwa suka juya wa yaron baya, da ya kira gayya a gonar uwarsa ba wanda ya je, shi kaɗai ya yi girbin abin da ya saura.

Gwaggo ta gyara zama, ta dube shi ido cikin ido.

"To ni tambayata guda ta, kuma don Allah nika tambayarka. Shina da kirki?"

Matarsa ta tsayar da taɓarya. Na san amsar da ke gabansa, kowa ya san ta. In ya ce yana dai gaishe da mutane, ba ƙarya ya yi ba, kuma ya rama haƙorinsa ba tare da ya ɗaga sanda ba. Ya tofar da yawu gefe ta cikin giɓin nan.

"Inna, ba ni gaishe shi, ba ni amsa mishi. Duk sadda nis sa goro a baki sai na tuna shi raina ya ɓaci. Amma tunda kin haɗa ni da Allah, shina da kirki. Ban so ba, amma shina da shi."

Ya ɗauki igiyarsa ya juya mana baya. Gwaggo ta zube wa matarsa sauran daddawar duka, ta ce mu tafi. Sai da muka yi nisa, ruga ta ɓace, sannan ta tsaya a inuwar wata aduwa ta ce in sauke ƙwarya. Ta ce na mutum ɗaya ta fito nema, ga shi ta tsinci na biyu a hanya, don wanda zai iya faɗin alherin maƙiyinsa da bakin da maƙiyin ya fasa, ba ƙaramin mutum ba ne. Ta ce amma kada in ruɗe, na ji da kunnena, yaron zuciya gare shi, kuma hali zanen dutse ne. Mi kic ce? Na ce duk abin da kunka ce, Gwaggo. Ta ce ita ta gama nata zaman aure tun ba a haife ni ba, ni zan zauna da shi. Na daɗe ina tonon yashi da babban yatsa. Can na ce ina so, da muryar da ni kaina da ƙyar na ji. Ta ce ja'ira, ashe da baki. Ta kuma ja mini kunne cewa abin da aka faɗa a ruga amana ne, ba na kai wa miji ba ne.

A gida ba ta rage wa Baba komai ba, da haƙorin ma ta fara. Baba ya ji har ƙarshe. Ranar Lahadi ya sa aka kira yaron soro, ina laɓe a bayan zana. Tambaya ɗaya ya yi masa, wa ya fara bugu? Ya ce ni ne, Baba. Baba ya ce to hannun nan, in zai shiga ɗakin ɗiyarsa, ya riƙa barin shi a bakin ƙofa. Ya ce in Allah ya yarda. Goro bai koma ba. Kuma ina shaida a gaban Allah, har aka ɗauke shi zuwa makwancinsa bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Zuciyar tana nan, ba ta tafi ko'ina ba. In na ɓata masa rai, ni kuwa gwana ce a wannan, sai in ga jijiyar wuyansa ta tashi, ya fice ya ɗauki guga. Jakunanmu sun sha ruwan da ba su nema ba.

Shi a zatonsa abokinsa mai bakin nan ne ya gyara masa aure, har ya yi ta kai masa kanwa kyauta, ni kuwa na bar shi a haka. Muna zaune a ƙauyensu lokacin, ba mu dawo Illela ba tukuna. Na haifi ta fari, ina da cikin na biyu, wata rana ya dawo daga kasuwa yana huci. Ya ce ya sake haɗuwa da Bafulatanin nan, ya gaishe shi a gaban jama'a, ya kau da kai kamar kare ne ya yi haushi. Ya ce ya gaji, ya biya rago, ya ba da haƙuri, mutumin nan ba shi da kirki ko kaɗan. Ina tankaɗe, sai na ji hannuna ya tsaya. Komai zai ce a kan mutumin zan haɗiye, amma ban da wannan. Na ce a raina, Gwaggo ta yafe mini. Na ajiye rariya na ba shi labari tun daga ƙwaryar daddawa har zuwa gindin ƙirya, na maimaita masa maganar Bafulatanin yadda ta fito. Ya tashi ya shige ɗaki. Tuwon da na ajiye masa ma sai da safe na ɗumama wa yarinya.

Da gari ya waye ya ɗora wa jaki kanwa, irin wadda shanu ke lasa, ya nufi bakin tafki. Bai dawo ba sai da rana ta yi ja. Na tare shi da ruwa na ce ya amsa? Ya ce bai amsa ba, amma ya shimfiɗa masa buzu, ya sa an kawo masa nono, suka zauna ba mai cewa komai har la'asar. Ya ce zai koma. Ya kuwa yi ta komawa, ya yi sallama, a yi shiru, a shimfiɗa buzu. Ina yi masa tsiya ina cewa ko ni bai yi wa irin wannan zarya ba.

Da na sauka, namiji, ban tambayi sunan da za a raɗa masa ba, na riga na san na Bafulatanin ne. Ranar suna da sassafe, mutane ba su gama taruwa ba, ina zaune a bakin ƙofar ɗaki da jariri a cinya, maigidan yana tsakar gida yana zuba goro a faifai. Sai muka ji sallama daga ƙofar gida, muryar namiji, Hausar tana ɗauke da harshen Fulani. Maigidan ya miƙe zumbur, faifan ya kife, goro ya watse a ƙasa. Yana tsaye yana share ido da hannun riga, sai da baƙon ya sake yin sallama sannan ya iya amsawa.